Ƙwan Kifin Inna a Gadar Ngeli

Shekara goma sha huɗu da aurenmu, amma in aka tara maganar da mijina Muntaka ya yi da mahaifiyata baki da baki, ba za ta cika cokali ba. Gaisuwa ce kawai, ita ma daga nesa, yana tsugune yana kallon ƙasa, Inna ta kau da kai tana amsa wa bango. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "maigidanki". Shi bai taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. Mutane suna yaba wannan kunya tasu, ni kuwa ni ke shan wahalarta, domin duk abin da ɗaya zai faɗa wa ɗaya sai ya bi ta kaina. In ta zo mana ziyara, suna zaune a tsakar gida ɗaya a unguwarmu Waliya ta Njamena, sai Inna ta ce, "Asma'u, ki ce masa an gode da goro." In juya in ce masa an gode da goro, sai ka ce kurma na aura.

Muntaka tiranziter ne a gadar Ngeli, wato shi ke cika wa 'yan kasuwa takardun duwan, ma'ana kwastan, in kayansu sun shigo Njamena daga ƙetaren kogi. Kowane kaya a duniya, in ji shi, yana da lambarsa a babban littafin duwan, kuma lambar ce ke faɗin kuɗin fiton da za a biya. Ubansa wannan aikin ya yi. Kakansa fatauci ya kawo shi tun ana ce wa Njamena Fallomi. Abin da Muntaka ya mallaka a duniya shi ne katin aikinsa, wanda yake ratayawa a wuya da wata shuɗiyar igiya. Da shi muke ci, da shi yara ke zuwa makaranta. Shekara ashirin da biyu ba a taɓa samun kuskure a takardarsa ba, saboda yana da doka guda: ba ya sa hannu a kan kayan da bai buɗe ya gani da idonsa ba. Ko kai limamin unguwarsu ne sai ya kwance.

A bazarar nan ma sai aka ƙara tsanantawa. An karɓe katin mutum biyu a wata ɗaya saboda abin da suka rubuta ya saɓa da abin da ke cikin kwali. Kullum ya dawo sai ya ba ni labarin, ni kuwa in ce Allah ya kyauta, in ci gaba da abin da nake yi.

Inna mutuniyar Doron Baga ce, tashin hankali ya mayar da ita Maiduguri. Tun muna yara sana'arta ƙwan kifi. Ta saye shi a jakarsa yadda aka ciro daga cikin giwan ruwa, ta binne shi a gishiri, ta danne da dutse har ya yi tauri. Bara ta zo mana da shi tsaraba, na kai wa wata maƙwabciya da ke aiki a wani gidan abinci a unguwar Kabalai. Mai gidan ya ɗanɗana, ya haukace, ya ce a kawo masa kwali goma sha biyu. Inna ta yi kuka a waya don murna. Tun barinta Baga ba wanda ya nemi aikin hannunta da yawa haka.

Kwali goma sha biyu ya wuce tsaraba, dole a yi masa takarda. Muntaka ya ce shi zai yi, kuma ba zai karɓi ko sisi ba. Ya ce, "Ki tambayi Hajiya, yaya kayan yake?"

Na kira ta na tambaya. Ta ce, "Mai gishiri mana, da mai sukari zan kawo?" Sannan ta rage murya kamar yana jin ta daga Maiduguri. "Ke, kada ki faɗa masa. Na gyara shi. A gaban abokan aikinsa za a buɗe kayan nan, ba zan bari a ga ƙazanta a ce na surukarsa ne ba. Na cire tantanin duka, na wanke, na tace a rariya, na sa man gyaɗa da ɗan yaji, na zuba a kwalabe. Sati uku ina yi, bayana har ya ƙage. In ya gani zai san ba a banza ya auri 'yata ba."

Na yi dariya har da hawaye. Na ce ba zan faɗa ba.

Washegari ina suyar albasa, mai yana fallatsa mini a hannu, sai ga shi a bakin madafa da alƙalami. Ya ce, "A jakarsa yake ko? Ba a fasa ba?"

Na ce, "E."

"Kin tabbata? Gishiri kawai?"

"Haba Malam! Na ce maka e. Ƙwan kifi ne fa, ba bindiga ba."

Ya juya ya tafi. Wallahi ban ɗauki abin ƙarya ba. Na ɗauka irin ƙaƙalen maza ne da suke yi don a san suna aiki, kuma ga albasata tana ƙonewa.

Ranar Talata motar su Inna ta ƙetaro gada daga garin Kusuri da hantsi. Muka hau kilando, wato babur ɗin haya, muka je. Zafin ranar nan ba a magana, kwalta har danƙo take. Muka tarar an sauke kayan a gindin wata rumfar kwano, kowane kwali an ɗinke shi cikin buhu an ɗaure da igiya, Inna kuma ta shimfiɗa gyalenta a kan na sama ta zauna, ƙafafunta sun kumbura don zaman mota.

Muntaka ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta. Ta amsa wa ƙarfen rumfa. Sai ya ja ni gefe, ya ciro 'yar wuƙar da yake yanke igiya da ita, yana jujjuya ta a hannu.

Ya ce, "Ko za ki ce mata ta ɗan tashi, in duba guda ɗaya?"

Nan raina ya ɓaci. Rabi don ina so ya ga kwalaben a gaban mutane yadda Inna ta tsara, rabi kuma don na ga ƙafafunta. Na ce, "Kayan uwata za ka bincika kamar na ɓarauniya? Kwana biyu tana hanya. Je ka faɗa mata da bakinka, ka ce ba ka yarda da ita ba."

Na san ba zai iya ba, shi ya sa na faɗa. Ya dubi wuƙar, ya dubi inda take zaune, ya mayar da wuƙar aljihu. Ya shiga biro, wato ofishin duwan, ya shigar da takardar a na'ura: ƙwan kifi mai gishiri, a jakarsa. Ya sa hannu, ya buga hatiminsa.

Wadda ta zo duba kayan wata jami'a ce, Madam Ashta, doguwa mai tabarau, ba ta da hayaniya. Ta san Muntaka shekara da shekaru, har tana zolayarsa da Larabci wai yau kayan gida aka kawo. Ita ba surukar kowa ba ce, don haka ta ce da Inna, "Hajje, gummi shiya," ta yi mata alama da hannu ta tashi. Inna ta tashi da fara'arta, har tana gyara ɗaurin kallabi. Aka yanke igiya, aka farke buhu, aka buɗe kwali.

Kwalabe ne jere reras, kowace an goge ta tana ƙyalli, ƙwan a ciki jajir cikin mai, an ɗaure bakin kowace da farin ƙyalle. Gaskiya sun yi kyau. Na juya don in ga murnar Muntaka.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai dubi kwalaben sau biyu ba, ni ya duba. Kallo ɗaya, kuma a nan na san akwai matsala.

Madam Ashta ta ɗaga kwalba guda ta kalle ta a rana. Ta ce, "Da shunu, Muntaka? Wannan ne ƙwai a jakarsa?"

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Mene ne? Ba ƙwan kifi ba ne?"

Ya amsa mini ba tare da ya dube ni ba. "In yana jakarsa, gishiri kawai, ɗan'uwan banda ne da busasshen kifi, babi na uku. In aka fasa jakar aka tace aka haɗa shi yadda za a ci kai tsaye, ya bar wajen kifi, ya koma babi na sha shida, wajen abincin gwangwani na masu hali. Lambarsa daban, kuɗinsa ya fi. Na rubuta abin da ba shi ba ne, Asma'u, kuma na sa hannu."

Madam Ashta ta ce kafin ta rubuta komai sai ta ji daga bakin mai kaya: an cire tantanin, me aka zuba a ciki, kuma ana iya ci haka ko sai an dafa. Na gane inda ƙofar take, na yi wuf na faɗa da Larabcina na kasuwa, "Sai an dafa! Ɗanye ne, gishiri ne kawai, man don kada ya bushe ne."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke ce mai kayan?"

"'Yarta ce."

"To 'yarta ta yi shiru. Muntaka, tsohuwar ba ta jin Larabci ko? Kai za ka fassara."

Inna Hausa da Barbarci kawai take ji. Madam Ashta ba ta jin ko ɗaya. Duk abin da Muntaka ya ce Inna ta ce, shi ke nan ta ce. Na san wannan, shi ma ya sani. Na kafa masa ido ina roƙonsa da duk abin da ido ke iya faɗa.

Ya je ya tsuguna a gabanta, kusa fiye da yadda ya taɓa yi, kansa a ƙasa, katin yana lilo a ƙirjinsa. Ya ce, "Hajiya, wai tana tambaya yadda aka yi shi."

Inna ta ji kunya, ta ja gyale ta rufe rabin fuska, amma daɗi ya hana ta yin shiru. Ta dubi ƙarfen rumfa ta ce, "A faɗa mata da hannuna na cire tantanin, ko zare ɗaya ban bari ba. Wanki uku. Rariya biyu, mai faɗi da mai laushi. Man gyaɗa sabon matsa, da yajin da na daka da kaina. Dafawa? Wa zai dafa wannan? Da cokali ake ci, ko gwamna ne ya zo." Ta ɗauki kwalbar, ta kwance ƙyallen, ta lakato da ɗan yatsa ta sa a baki, sannan ta miƙa wa Madam Ashta tana murmushi.

Na ce, "Malam!" Na ce da ƙarfi, har masu dako suka waiwayo.

Ya miƙe ya fassara. Bai rage komai ba. Wanki uku, rariya biyu, man gyaɗa, har gwamnan sai da ya faɗa.

Madam Ashta ta kira shi cikin biro. Na bi su ba wanda ya gayyace ni. Ta ciro wata takarda ta ajiye a tebur, ta nuna masa layi biyu da bakin alƙalami. Ta ce kayan dai za a gyara musu lamba a biya abin da ya dace, wannan ba matsala. Matsalar ita ce dole a rubuta daga ina kuskuren ya fito. Layi na farko: mai kaya ce ta ba tiranziter bayanin ƙarya. In aka cika wannan, za a riƙe kayan, a shigar da sunan mai kaya, ta dangwala yatsa ta amsa laifi. Layi na biyu: tiranziter ne bai duba ba kafin ya sa hannu. In aka cika wannan, kayan su wuce, katinsa ya zauna a nan shekara guda, sannan kwamiti ya duba ko za a mayar masa.

Ta ce masa a hankali, "Yawancinku na farko suke cikawa. Tsohuwa ce, ba ɗaure ta za a yi ba. Ka yi tunani, kana da yara."

Na ce, "Ni ce! Ni na faɗa masa a jakarsa yake. A rubuta sunana."

Ta juya takardar gaba da baya. "Ina sunanki a nan? Mai kaya, tiranziter. Ba wurin ta uku."

Shekara goma sha huɗu duk maganarsu ta kaina take bi, amma a takarda ba ni da ko layi ɗaya. Na fashe da kuka, kukan haushi, na ce masa, "Ka cika na farko. Inna ba ta san me aka rubuta ba, yatsa kawai za ta dangwala. Kayan su tafi, Allah ya sa haka ya fi alheri. Me za mu ci?"

Ni da bakina na faɗi haka a kan uwata, kuma har gobe in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Muntaka ya ce, "Ba ta yi mini ƙarya ba. Ba ta faɗa mini komai ba ma, don ban tambaye ta ba. Wuƙa tana aljihuna, ban buɗe ba." Ya ja takardar ya cika layi na biyu da rubutunsa mai kyau. Ya cire igiyar daga wuyansa, ta maƙale a kunnensa, ya zare ta, ya ajiye katin a tebur. Madam Ashta ta sa shi a aljihun tebur ta ce, "Kalas," wato shi ke nan. Ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta.

Kafin la'asar kayan sun fita, motar mai gidan abincin ta kwashe su zuwa Kabalai. Inna sai murna take a hanya, tana tambayata ko na ga yadda matar nan ta ɗaga kwalbar tana kallo. A ƙofar gida Muntaka ya tsayar da ni. Maganarsa ta farko ke nan gare ni tun a biro. Ya ce, "Kada ki faɗa mata."

Na shige gida. Wannan kalmar ce dai ta kai mu inda muke, ga ta kuma an sake ɗora mini.

Da safe ya yi wanka ya sa rigar aikinsa kamar kullum. Na ga hannunsa ya tafi wajen ƙusar da yake rataye katin a bayan ƙofa, ya taɓa ƙusar, ya sauke hannun. Ya fito tsakar gida ya tsuguna daga nesa ya gaida Inna, ta amsa wa bango. Maimakon ya fita, sai ya ja tabarma gindin darbejiya ya zauna, don ba shi da wurin zuwa.

Ina zuba ruwa a buta sai Inna ta kira ni. Ta ce, "Ina abin wuyansa?"

Na ce, "Wane abu?"

"Shuɗiyar igiyar nan da hotonsa. Shekara goma sha huɗu ban taɓa ɗaga ido na wuce ƙirjinsa ba, ita kaɗai na sani a jikinsa. Jiya da ya tsuguna a gabana tana nan. Da ya fito daga ɗakin matar nan babu. Yau ma babu, kuma ga shi a zaune rana ta fito."

Na duba wajen darbejiya. Yana jin mu, ya girgiza mini kai. Na ce a raina yau dai ba zan ƙara riƙe wa kowa komai ba. Na faɗa mata duka, babi na uku da na sha shida, layi biyun, da wanda ya cika. Har abin da na ce a yi mata ban ɓoye ba.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dubi tafin hannunta, inda gishiri ya tsattsage mata fata. Can ta ce, "Ya tambaya?"

"Ya tambaya, Inna."

"Sau nawa?"

"Sau biyu."

"Kika ce me?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ce, "Ni na ce ki yi shiru, ban ce ki ce e ba. Amma ni na fara." Ta dafa bango ta miƙe da kumburarrun ƙafafunta, ta nufi gindin darbejiya. Muntaka ya zabura zai tashi ya ba ta wuri.

Ta ce, "Muntaka, zauna."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, shi ma haka. Ya koma ya zauna kamar an tura shi. Ta zauna a bakin tabarmar, ta ɗaga kai ta dube shi a fuska, ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, "Ashe har ka yi furfura. Shekara guda suka ce?"

"Shekara guda, Hajiya. Sannan su duba."

"In suka duba za su mayar?"

"Allah ne masani."

"To faɗa mini yadda littafin nan yake, tun daga farko. Da bakinka."

Ya fara yi mata bayani, muryarsa ƙasa ƙasa, yana zana babi na uku a ƙasa da ɗan tsinke. Ni ina tsaye a tsakar gida da buta a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafata, ba wanda ya ce in faɗa wa wani komai.